Yadda Likita Ke Gano Cututtukan Ƙwaƙwalwa, Laka Da Jijiyoyi A Kafanchan Da Kudancin Kaduna

Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi hanya ce da likita ke bi, ta tambaya da kallo da taɓawa, domin ya gano inda cuta ta kama a tsarin da ke sarrafa tunani da magana da motsi da ji a jikin ɗan Adam. Tsarin ya ƙunshi ƙwaƙwalwa, da lakar da ta ratsa ƙashin baya, da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninsu da sauran gaɓoɓi, har zuwa tsoka. Ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗalibin likitanci ita ce a amsa tambayoyi biyu bi da bi: a ina matsalar take, sannan mece ce ita. Wanda ya tsallake ta farko ya faɗa ta biyu yakan sa a ɗauki hoton kai, alhali ciwon yana gadon baya.

Wani nazari da mujallar Lancet Neurology ta wallafa a shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa a 2021 fiye da mutum biliyan uku ne ke fama da wata larura ta wannan fanni a duniya. Ƙwararrun likitocinsa kuwa kaɗan ne a Nijeriya, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa. A kudancin Jihar Kaduna, wanda ke fara ganin majinyaci yawanci babban likita ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko jami'in lafiya na karkara, a garuruwa irin su Kafanchan, Zonkwa, Kagoro, Kwoi, Kachia da Gwantu. Babban asibitin yankin shi ne na tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, a Ƙaramar Hukumar Jama'a, wanda a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Larurar da ta fi ƙarfin yankin akan tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, domin Jos ta fi Kaduna kusa da Kafanchan, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tafiyar akwai nisa, ga kuma kuɗi. Saboda haka binciken da aka yi a gefen gado shi ne ke raba wanda dole a fita da shi a daren nan da wanda zai iya jiran ranar asibiti.

Tarihin ciwo

Mafi yawan amsar tana cikin labarin da majinyaci da danginsa suka bayar, kuma abin da likita ya fi nema a labarin shi ne lokaci. Larurar da ta sauko farat ɗaya, mutum yana alwala ko yana cin abinci hannunsa ya saki, tana nuna hanyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Wadda ta taso cikin awoyi ko 'yan kwanaki tare da zazzaɓi tana nuna ƙwayar cuta. Wadda ta yi ta ƙaruwa a hankali tsawon makonni ko watanni, da ciwon kai mai tsananta da asuba da amai, tana sa a yi zargin wani abu da ke girma a cikin ƙoƙon kai, ƙari ne ko ƙurji ko tsohon jini da ya taru. Wadda ta ɗauki shekaru tana tafe sannu, kamar mantuwar tsufa ko cutar makyarkyata, lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce. Akwai kuma mai zuwa ta tafi ta bar mutum garau, kamar farfaɗiya da ciwon ɓarin kai.

A nan harshe kan kawo cikas. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi da kuma mai ɗaukar saƙo, abubuwa uku da a likitance ba su da haɗi. Haka jiri: wani yana nufin ɗaki na juya masa, wani yana nufin duhu ya rufe masa ido in ya miƙe, wani kuma ƙafarsa ce ba ta tsayawa daidai. Na farko kan fito daga cikin kunne ko bayan ƙwaƙwalwa, na biyu daga saukar ƙarfin jini ko ƙarancinsa, na uku daga jijiyoyin ƙafa. Idan mutum ya ce hannunsa ya mutu, sai an tambaye shi: ƙarfi ne babu, ko ji ne babu? Likitan da ya san aikinsa ba ya karɓar kalmar yadda ta zo, yakan ce a kwatanta masa abin da ya faru daki-daki.

Kudancin Kaduna kuwa yanki ne mai harsuna da dama, irin su Tyap, Jju, Hyam da Fulfulde, Hausa ce ke haɗa mutane a kasuwa da asibiti. Wannan yana da tasiri a kan gwajin magana. Dattijuwar da ta kasa kiran sunan cokali da Hausa ko da Turanci ba lallai ne ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba. Sai an gwada ta da harshen da ta tashi da shi, ta bakin ɗanta ko jikarta, kafin a yanke hukunci. Haka nan gwajin tunani da aka tsara don masu karatun boko, kamar a ce mutum ya riƙa cire bakwai daga ɗari, yakan zalunci manomin da bai shiga aji ba. Ya fi dacewa a tambaye shi ranakun kasuwannin yankinsu, ko lissafin canjin kuɗi, ko sunayen 'ya'yansa bi da bi.

A larurar farfaɗiya, mai ciwon ba ya iya ba da labarin abin da bai san an yi ba, don haka wanda ya gani da idonsa ake nema. Ana tambayar ko jijjigar ta fara daga hannu ɗaya ko gefen baki kafin ta game jiki, ko ya ciji gefen harshensa, ko fitsari ya kuɓuce masa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa. Hoton bidiyo na wayar salula ya zama babban mataimaki a wannan zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Tabon ƙuna a ƙafa ko karyayyen haƙori sau da yawa shaida ce ta taimakon da ya zama cuta, wato cusa cokali a baki ko kara ƙafa a wuta. Cutar ba ta yaɗuwa ta miyau. Jijjigar da ta wuce minti biyar kuwa ta gaggawa ce.

Sauran tambayoyin sun shafi hawan jini, ciwon suga, sikila, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, shan giya, magungunan da ake sha na asibiti da na gargajiya, da faɗuwa ko haɗarin babur ko da ya kwana biyu. Sana'a ma tana da magana. Manomin citta na Kachia ko Jaba da aka kawo yana zubar da miyau da gumi, tsokarsa na motsi da kanta, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, tambayar farko ita ce ko ya yi feshin maganin ƙwari.

Kayan aiki da gwajin hayyaci

Kayan binciken ba su cika aljihun riga ba: tocila, ƙaramar guduma mai kan roba, auduga, tsinke mai tsabta, ƙarfe mai baki biyu da ke kaɗawa sau 128 a daƙiƙa, da madubin leƙa cikin ido. Binciken yana farawa tun kafin a taɓa majinyaci, daga yadda ya shigo, yadda ya zauna, da yadda ya amsa sallama.

Idan hayyaci ya gushe, ana auna zurfin suman da ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a Birtaniya a 1974. Yana duba buɗe ido, da magana, da motsi, jimillar maki daga 3 zuwa 15, kuma 8 ko ƙasa da haka na nufin hali mai tsanani. Amfaninsa yana cikin maimaitawa. Ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano, ya miƙe ya yi magana, makinsa 15 da la'asar, 12 da magariba, ƙwayar idonsa ɗaya ta buɗe ta daina tsukewa in an haska ta, jini ne ke taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, kuma likitan fiɗa yake buƙata cikin awoyi. Ga yaran da ba su fara magana ba akwai ma'aunin Blantyre, mai maki 0 zuwa 5, wanda aka tsara a Malawi saboda zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Duk wanda aka kawo a sume ana auna sugan jininsa nan take, domin saukar suga na iya kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki, kuma ana gyara ta cikin mintuna.

Sai a gwada wuya. Majinyaci na kwance rigingine, likita ya ɗaga kansa a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. Idan ƙeya ta sandare, tare da zazzaɓi da ciwon kai, ana ɗaukarsa mai sanƙarau har sai an tabbatar da akasin haka. Ba a yin wannan gwaji ga wanda ya yi haɗari, saboda yiwuwar karaya a wuya. A jarirai wuyan ba ya sandarewa sosai, maɗiga ce ke kumbura, yaron ya ƙi nono. Arewacin Nijeriya na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin zafi, kuma annobar 1996 ta hallaka fiye da mutum 11,000 a ƙasar. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar.

Fuska, ido da maƙogwaro

Jijiyoyi goma sha biyu ne ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, suna kula da shaƙar ƙamshi, gani, motsin ido, jin fuska, motsinta, jin sauti, haɗiya da harshe. A cikinsu gwajin fuska ya fi saurin ba da amsa. Ana cewa majinyaci ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya yashe haƙora. Idan baki ya karkace amma goshi na tattarewa ta gefe biyu, matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa, kuma akan same ta da raunin hannu ko ƙafa. Idan kuwa rabin fuskar duka ya saki, har goshi, ido ya ƙi rufuwa, to jijiyar fuskar ce kanta ta kumbura a hanyarta ta kusa da kunne, larurar da galibi ke warkewa cikin makonni ko watanni. A ido biyun kamar abu ɗaya ne, jama'a kan jingina su duka ga iska, amma makomarsu ta sha bamban.

Leƙa cikin ido da madubi ita ce hanya ɗaya tak da ake ganin jijiya ƙuru-ƙuru ba tare da fiɗa ba. Kumburin kan jijiyar gani na nuna matsi ya yi yawa a cikin kai, kuma gargaɗi ne kada a yi gaggawar ɗibar ruwan laka. Jihar Kaduna na da tarihi a wannan fage: binciken da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan jihar, wanda aka wallafa a mujallar Lancet a 1993, ya nuna cewa shan maganin ivermectin sau ɗaya a shekara na rage lalacewar jijiyar gani da cutar makanta ta bakin kogi ke jawowa.

Gwajin ganɗa, wato a ce mutum ya buɗe baki ya ce "aa" a ga ko rufin bakin ya ɗaga, abu ne da akan yi a gurguje, amma a Kafanchan yana da dalili na musamman. A watan Yulin 2023 hukumomin lafiya na jihar suka tabbatar da ɓullar mashaƙo a garin. Dafin ƙwayar mashaƙo ba ya tsayawa a maƙogwaro. Makonni bayan yaro ya yi kamar ya warke, muryarsa kan koma ta hanci, ruwa ya riƙa fitowa ta hanci in ya sha, ganinsa na kusa ya dushe, daga baya ƙafafu da hannuwa su yi rauni, wani lokaci har tsokar numfashi. Iyaye ba safai suke haɗa wannan da ciwon wuyan watan jiya ba, sai likita ya tambaya. Jijiyoyin kan farfaɗo idan aka kiyaye yaron daga shaƙewa da tsayawar numfashi a tsawon lokacin.

Ƙarfi, zabura da ji

Ana auna ƙarfin kowace gaɓa da maki 0 zuwa 5: sifili babu motsi sam, 3 gaɓar na iya ɗaga nauyin kanta kawai, 5 cikakken ƙarfi. Rauni ɗan kaɗan kan ɓuya, don haka ake sa mutum ya miƙa hannuwa biyu gaba, tafi na kallon sama, ya rufe ido. Hannun da ke da matsala zai riƙa sauka yana kifewa.

Babban abin da ake son rarrabewa shi ne ko raunin daga sama yake, wato ƙwaƙwalwa da laka, ko daga ƙasa, wato jijiya da tsoka. Na sama kan sa gaɓa ta yi tauri, kuma in aka bugi ƙasan gwiwa da guduma ƙafar ta zabura fiye da kima. Na ƙasa kan sa gaɓa ta yi laƙwas, tsoka ta zube, zaburar ta ragu ko ta ɓace. A 1896 likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana wata alama da har yau ba a samu madadinta ba: idan aka karci gefen tafin ƙafa daga dunduniya zuwa gaba, babban yatsan mai lafiya lanƙwashewa yake yi ƙasa, na mai rauni daga sama kuwa ɗagawa yake yi. A jariri ɗagawar ba cuta ba ce.

Daga nan tsarin raunin ke nuna wurin. Fuska da hannu da ƙafa na gefe ɗaya suna nuna ɓarin ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen, domin hanyoyin saƙo suna gittawa kafin su sauka laka. Shi ya sa shanyewar dama kan zo da ɗaukewar magana, tunda a yawancin mutane cibiyar harshe tana hagu. Ƙafafu biyu tare, da riƙewar fitsari, da wani layi a jiki wanda daga shi zuwa ƙasa ba a jin tsinke, laka ce. Layin da ya tsaya a cibiya ko a daidai nono yana gaya wa likita gaɓar ƙashin bayan da zai sa a ɗauki hotonta, kuma a Nijeriya tarin fuka na ƙashin baya, mai fito da ƙusumbi, na cikin abubuwan da ake fara zargi. Rashin ji da ya fara daga yatsun ƙafa yana hawa kamar safa, tare da zafi ko jin kamar kiyashi na yawo, na jijiyoyin gefe ne, kuma ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin auduga, da jijiya mai kauri a bayan gwiwar hannu, alamar kuturta ce, wadda ake warkarwa da magani kyauta. Ƙafa ɗaya da ta saki bayan an yi wa yaro allura a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba, babbar jijiyar cinya ce aka soka.

Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki laƙwas farat ɗaya, tsarin sa ido na ƙasa ya tanadi a kai rahotonsa a kuma ɗauki bayan gidansa sau biyu a gwada. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma sa idon bai tsaya ba.

Tafiya kuwa, ga wanda zai iya, ta tattara kusan komai. Mai shanyewar ɓarin jiki na jan ƙafa yana zagaya da ita, hannu a naɗe. Mai cutar makyarkyata, wadda James Parkinson ya bayyana a 1817, na tafe a sunkuye da gajerun taku, yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi. Wanda bayan ƙwaƙwalwarsa ya taɓu na tangaɗi kamar mashayi, ya kasa kai yatsa kan hancinsa. Wanda ƙafarsa ba ta sanin inda take kan tsaya daidai ido buɗe, amma ya yi luu da zarar ya rufe. Irin wannan larura ce marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi suna da bincikenta, inda ya danganta ta da daɗewa ana cin rogon da ba a jiƙa an sarrafa shi sosai ba.

Inda hannu ke tsayawa

Akwai abin da bincike na hannu ba ya iya rabawa, komai ƙwarewar mai yinsa. Mafi muhimmanci shi ne bambanci tsakanin toshewar hanyar jini da fashewarta a ƙwaƙwalwa. Alamunsu kan yi kama, maganinsu kuwa kishiyoyin juna ne, hoton CT ne ke raba gardama. Shi ya sa ba a so dangi su ba mai sabuwar shanyewa asfirin a gida, ko su ɗura masa ruwa ko rubutu ko koko kafin a gwada haɗiyarsa, domin abin kan bi ta huhu. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, ana bayar da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, ba daga lokacin da aka tsince shi ba. Babban binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya tabbatar da hawan jini a matsayin babban sanadin wannan larura a yankin. A yara kuwa sikila ce kan gaba, kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an yi nazarin gano yaran da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jinin kai da na'ura, tare da ba su maganin hydroxyurea.

Ruwan laka da aka ɗiba ta ƙasan baya shi ke tabbatar da sanƙarau da nau'insa, sai dai ba a jinkirta maganin don jiran sakamako. Na'urar EEG, mai ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, tana taimakawa wajen rarrabe nau'in farfaɗiya, amma sakamako mai kyau ba ya kore cutar idan labarin shaidu ya tabbatar da ita. Hoton MRI ya fi dacewa da laka, kuma yana da tsada; kuɗin kan tafi a banza idan ba a faɗa wa mai ɗaukar hoton daidai gaɓar da zai duba ba.

Takardar da ke raka majinyaci daga Kafanchan zuwa Jos ko Kaduna ko Shika tana ɗauke da ranar da awar da ciwon ya fara, makin hayyaci a lokacin isowa da lokacin tashi, girman ƙwayar ido biyu, ƙarfin kowace gaɓa, awon jini da na suga, da magungunan da aka riga aka bayar. Da waɗannan ne likitan da ya karɓe shi zai gane ko ya ƙara tsanani a hanya. Ana kuma so wanda ya ga farkon ciwon da idonsa ya kasance cikin masu rakiya.